Furotin ɗin ruwan gwiwar Mama ya hau, shin rumatoyid ne?

"Assalamu alaikum likita, dan Allah ina da tambaya. Mahaifiyata shekararta 58, gwiwarta ta dama ta kumbura yau kusan sati uku, ko durƙuso bata iya yi. Mun je asibiti aka zuƙe mata ruwa da sirinji aka kai lab. Da takardar ta fito sai na ga an rubuta furotin 4.8 an ja masa layi, wata ƙawata tace wai wannan alamar rumatoyid ce. Ni kuma na taɓa karantawa cewa yanzu ana auna furotin ɗin ruwan gaɓa a gane irin ciwon gaɓar da mutum yake dashi. Shin gaskiya ne? Kuma 4.8 ɗin nan me yake nufi? Wallahi hankalina a tashe yake."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya yasa kaffara ne. In na fahimce ki tambayoyi biyu kika haɗa, ɗaya akan lambar da kika gani a takarda, ɗaya kuma akan abinda kika karanta, wato ko furotin zai iya faɗa mana sunan ciwon. Bari in fara kwantar miki da hankali, 4.8 bai ce rumatoyid ba, bai kuma ce ba rumatoyid bane. Rumatoyid ciwo ne da garkuwar jiki take juya wa gaɓoɓin mai ita baya ta kumbura su. Abinda ya faɗa kawai shine akwai alamar kumburi a cikin gaɓar, amma waye ya jawo kumburin, wannan lambar bata sani ba. Ƙawarki bata yi ƙarya gaba ɗaya ba domin masu rumatoyid furotin ɗinsu yakan kai haka, sai dai mai gawut, wato ciwon gaɓa da taruwar gishirin yurik asid yake jawowa, shima haka, wanda ƙwayar cuta ta shiga gwiwarsa ma haka, mai tarin fuka na gaɓa ma haka.

Ruwan nan daga ina yake fitowa

Kowace gaɓa mai motsi irin gwiwa da kafaɗa da gwiwar hannu tana cikin wata jaka ce, cikin jakar akwai wani siririn tantani mai yawan ƙananan jijiyoyin jini. Ruwan gaɓa asalinsa ruwan jini ne da ya tsatso ta wannan tantanin, sai ƙwayoyin tantanin su zuba masa wani sinadari da ake kira hayaluronik asid, shine yake bashi yauƙi irin na farin ƙwai, da wani kuma lubirisin da yake hana guringuntsi gugar juna. Guringuntsi bashi da jijiyar jini ko ɗaya, daga ruwan nan yake samun abincinsa. A lafiyayyar gwiwa ruwan bai wuce mililita 3 zuwa 4 ba, bai cika ƙaramin cokali ba ma, shi yasa in kika ga an cika sirinji biyu ko uku daga gwiwa to tun kafin a je lab an san da matsala.

Ki ɗauki tantanin nan kamar rariya. Lokacin lafiya idon rariyar ƙanana ne, ƙananan furotin irin albumin ne kawai suke iya wucewa, manya kamar fayibirinojin wanda yake sa jini ya daskare basa wucewa. Shi yasa jini yake da furotin giram 6 zuwa 8 a kowace desilita, wato mililita 100, shi kuma ruwan gaɓa giram 1 zuwa 2 ne, bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba kenan, kuma shi yasa lafiyayyen ruwan gaɓa ko ki ajiye shi a kwalba bazai daskare ba. Toh da zarar kumburi ya zo, kowane iri ne, sai idon rariyar ya buɗe, manya da ƙanana kowa ya kutsa, furotin ya haura 3, ya kai 4, 5, wani lokacin ya kusa kamo na jini, ruwan kuma in aka barshi sai kiga ya yi guda-guda. Kinga kenan abinda ake aunawa girman ɓarakar da rariyar tayi ne. Wanda ya yaga ta kuwa, ko garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita baya, ko gishirin yurik asid ne, ko bakteriya, duk yaga iri ɗaya suke yi.

Akwai ma abinda yake ƙara rikita lambar. In allura ta taɓa ƙaramar jijiya lokacin zuƙa jini ya gauraya da ruwan, furotin zai hau ko babu wani kumburin kirki, tunda jinin ne ya kawo nasa. Dan haka in kin tuna kalar ruwan da aka zuƙe wa Mama, ja ne ko ruwan ɗorawa, ki faɗa wa likitanta.

Ba ra'ayina ni kaɗai bane wannan. A shekarar 1990 wani likita a Boston ta Amurka, Robert Shmerling, shi da abokan aikinsa suka bi marasa lafiya 100 da aka zuƙe musu ruwan gaɓa, suka duba wane gwaji ne da gaske yake raba ciwo mai kumburi da mara kumburi. Ƙidayar fararen ƙwayoyin jini da kason nutirofil a cikinsu, wato nau'in da yake fara kai ɗauki in ƙwayar cuta ko kumburi ya zo, su suka yi zarra, shi kuwa jimillar furotin kusan rabi da rabi yake cankowa, sukari ma bai taɓuka abin kirki ba, har suka bada shawarar a daina yawan nemansu. Yau sama da shekara talatin kenan amma har yanzu lab da yawa suna sakawa a takarda saboda yana cikin jerin da aka saba, sai a ja masa layi ya tada hankalin iyali kamar yadda ya tada naki. Abin yana damuna gaskiya.

Abinda ni nake fara dubawa

Tun ruwan yana cikin sirinji nake fara karatu. Nakan ɗaga shi a gaban takarda mai rubutu, in ina iya karanta rubutun ta cikin ruwan, kalarsa kuma rawaya-rawaya garau, to mafi yawa zaizayar guringuntsi ce irin ta shekaru, wadda muke cewa ostiyo. In ya yi gurɓi rubutun ya dushe, kumburi ne. In ya fito kamar mugunya kuwa bana jiran kowa. Sannan in ɗiga ɗigo ɗaya a babban yatsa cikin safar hannu in haɗa da manuni in buɗe a hankali, lafiyayye zai ja zare santimita 3 zuwa 5 ko fiye kafin ya tsinke, na mai kumburi kuwa ɗis zai faɗo kamar ruwan famfo saboda sinadaran kumburi sun daddatsa hayaluronik asid ɗin. A da har akwai gwajin da ake ɗiga ruwan cikin asetik asid a ga ko zai dunƙule, ana kiransa da sunan likita Marian Ropes, yanzu kusan an barshi.

Bayan ido sai ƙidaya, kuma nan ne nake so ki koma ki duba takardar. Lafiyayyen ruwa fararen ƙwayoyin jininsa basu kai 200 ba a kowace maikurolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Daga 200 zuwa 2,000 muna cewa mara kumburi, ostiyo da buguwa anan suke zama. Daga 2,000 zuwa 50,000 mai kumburi, gidan rumatoyid da gawut da danginsu. Sama da 50,000, musamman in nutirofil sun kai kashi 90 cikin ɗari, muna ɗaukarsa a matsayin ƙwayar cuta har sai an tabbatar ba ita bace. Iyakokin nan ba katanga bane, gawut mai zafi yakan tsallake 50,000, ƙwayar cuta kuma a farkonta ko a jikin mai raunin garkuwa zata iya zama ƙasa da haka, amma duk da haka sun fi furotin magana nesa ba kusa ba.

Sai neman kiristal, wato ƙananan duwatsun gishiri da suke taruwa a gaɓa. Wannan wuri ne da ruwan gaɓa yake faɗin sunan ciwo kai tsaye babu kwana-kwana. A 1961 ne Daniel McCarty da Joseph Hollander suka nuna cewa in aka duba ruwan mai gawut da maikuroskof, wato na'urar ganin ƙananan abubuwa, irin mai tace haske, za'a ga gishirin yurik asid, shekara ɗaya bayan nan McCarty da mutanensa suka bayyana wani nau'in daban na kalsiyam, wanda yake kwaikwayon gawut kuma gwiwar manya yafi so. Na yurik asid kamar allurai suke, sirara masu tsini, wani lokacin kiga ɗaya ya soke farar ƙwayar jini ya ɓullo ta ɗaya gefen, in kika juya shi ta wannan fuskar rawaya ne ta waccan kuma shuɗi. Na kalsiyam gajeru ne masu kusurwa huɗu, basa ƙyalli sosai, mai gaggawa zai wuce su bai gani ba. A mace mai shekara 58 da gwiwa ɗaya ta kumbura dole a neme su da kyau. Kuma kar a ce an auna yurik asid na jini an ga daidai yake dan haka ba gawut bane, lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa yakan sauka a jini.

Na uku shine neman ƙwayar cuta, a shafa ruwan a gilashi a rina a duba, sannan a shuka shi wato kalca. Rinin kusan rabin lokaci ne yake nunawa, dan haka in bai nuna ba ba'a wanke gaɓar ba, sai kalca ta fito bayan kwana biyu zuwa uku. Wadda tafi yawan shiga gaɓa ita ce Staphylococcus aureus. In kuma kumburin ya daɗe yana tafiya a hankali babu zafi sosai, sai a tuna da tarin fuka, shi kuma sau da yawa sai an yanko ɗan tantanin gaɓar an duba kafin a kama shi.

Bari in baki labarin abinda ya sameni da ya sa bana wasa da kalca. Shekarun baya an kawo min wani dattijo da na daɗe da sanin yana da gawut, gwiwa ta kumbura tayi zafi, na zuƙe ruwa na leƙa maikuroskof da kaina na ga allurai birjik, na ce shikenan tsohon ciwonsa ne, na bashi maganin kumburi na sallame shi, ko da yake Allah ya taimake ni na tura sauran ruwan kalca. Kwana biyu aka kira ni daga lab cewa bakteriya ta tsiro. Kafin mu dawo dashi zazzaɓi ya rufe shi, sai da aka shiga tiyata aka wanke gaɓar ya sha sati-sati yana karɓar allurar kashe ƙwayoyin cuta, kuma gwiwar bata koma yadda take ba. Ashe abu biyu ne a gaɓa ɗaya, ni kuma na ga na farko na daina nema. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci, domin bakteriya cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi kuma shi baya tsirowa. Furotin ɗinsa a ranar sama da 4 ne, irin na Mama, kuma da gawut kaɗai ne da haka zai kasance.

Toh abinda kika karanta fa

Gaskiya ne, ba ƙarya kika karanta ba, sai dai ba jimillar furotin ake nufi ba. Kalmar furotin suna ne na dangi mai ɗaruruwan 'ya'ya a cikin ruwan gaɓa. Abinda aka yi wa Mama kamar an ƙirga mutanen da suke cikin ɗaki ne aka ce sun yi yawa, shi kuma sabon aikin da ake yi so yake ya kira mutum ɗaya da sunansa ya tambaye shi me ya kawo shi.

Wanda yafi kowa nisa a cikinsu shine alfa-difensin. Wani ƙaramin furotin ne da nutirofil suke fesawa in sun yi arba da ƙwayar cuta. An yi masa ɗan katin gwaji mai suna Synovasure, kamar na gwajin ciki yake, a ɗiga ruwa a jira minti goma layi ya fito, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince dashi a 2019. Amma ki lura da wanda aka yi wa shi, masu gwiwa ko ƙugu na ƙarfe ne da aka dasa musu. Su matsalarsu daban ce, bakteriya takan manne a jikin ƙarfen ta lulluɓe kanta da wani yauƙi ta zauna shiru, kalca ta fito babu komai, ƙidayar ma bata hawa sosai, shi yasa a wajensu fararen ƙwayoyi 3,000 kacal sun isa a fara zargi. A irin wannan duhun alfa-difensin yana taimakawa ƙwarai, har ma in mutum ya riga ya fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Duk da haka yana ruɗuwa in garin ƙarfe ya zuba a gaɓar, kuma a gaɓar da ba'a yi mata dashe ba gawut ma zai iya sa layin ya fito tunda shima nutirofil yake tarawa.

Akwai ɗan'uwansa mai sauƙi, lukosayit estares, shi da tsinken gwajin fitsari na yau da kullum ake duba shi, a tsoma a ruwan gaɓa in ya rine sosai to nutirofil sun yi yawa. Ina amfani dashi in dare yayi babu mai ƙidaya, illarsa jini kaɗan ya shiga ruwan kalar ta ɓaci sai an juya shi a inji ya kwanta tukuna. Sai kalfurotektin, wanda masu ciwon hanji suka sani domin a bayan gida ake auna musu shi, a ruwan gaɓa yana hawa sosai a ƙwayar cuta, kuma a rumatoyid yafi na ostiyo nesa. Ana auna wasu furotin masu nuna kumburi, CRP da intalukin 6, ma a cikin ruwan. In kika lura dukkansu labari ɗaya suke bayarwa da murya daban-daban, wato nutirofil sun zo kuma faɗa ya yi zafi. Suna raba mai zafi da mara zafi, amma raba rumatoyid da ciwon gaɓa na masu ciwon fatar nan soriyasis misali, basu kai nan ba.

Masu bincike kuma suna da na'urar da ake kira mas sifektirometa wadda daga ɗigo kaɗan zata zayyano ɗaruruwan furotin, ana neman wani zubi da za'a ce wannan tambarin ostiyo ne wannan na rumatoyid, ana bin ɓurɓushin guringuntsi irin COMP da enzayim masu cinsa irin MMP-3. Ina da fata akan aikin nan sosai, musamman dan a kama ostiyo tun hoto bai nuna ba. Abinda ya riƙe shi a ɗakin bincike kuwa sananne ne. Albumin yayi yawa yana danne ƙananan da ake nema, gwiwar da ta tara ruwa da yawa tana tsarma komai sai lamba ta sauka ba dan ciwon ya ragu ba, sannan samun ruwan lafiyayyar gwiwa da za'a kwatanta dashi wahala ne, waye zai miƙa lafiyayyar gwiwarsa a soka mata allura. Dan haka in wani ya ce miki yana da gwajin furotin ɗaya da zai faɗi irin ciwon gaɓar Mama, ki yi hattara.

Ita rumatoyid ɗin da ake tsoro, abin mamaki furotin ɗin da suke taimakawa wajen gano ta a jini ake auna su, ba sai an taɓa gwiwa ba. Akwai RF wanda aka sani tun shekarun 1940, yana fitowa a wajen mafi yawan masu ciwon amma yana fitowa kuma a masu ciwon hanta nau'in C da tarin fuka da ma tsofaffi masu lafiya. Sai anti-CCP wanda yafi shi tsayawa akan magana ɗaya, kusan biyu cikin uku na masu ciwon suna dashi, kuma da wuya ya fito ga wanda bashi da ita, yakan ma riga ciwon bayyana da shekaru. Ko su ɗin ma haɗawa ake da labarin mara lafiya. Rumatoyid ta fi son ƙananan gaɓoɓi, yatsu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu tare, mutum ya tashi da safe hannu a sandare ya kai awa kafin ya saki, abin ya ɗauki sati shida ko fiye. Tana iya farawa da gwiwa ɗaya, na gani, amma ba haka ta saba ba. Ki tambayi Mama ko yatsunta suna mata haka da safe, ko tana wahalar murɗa murfin kwalba.

Ban ga Mama ba, ban taɓa gwiwar ba, takardar ma layi ɗaya kika karanto min, dan haka bazan sa wa ciwonta suna daga nan ba. Abinda zan iya cewa shine 4.8 ya ɗan yi yawa a ce zaizayar shekaru ce kaɗai, in dai ba jini ne ya gauraya ba, dan haka a ci gaba da nema kar a tsaya. Ki koma wajen likitan da takardar ki tambaye shi nawa ne fararen ƙwayoyin jini kuma kashi nawa ne nutirofil, an duba kiristal ko ba'a duba ba, kalca ta fito ko tana hanya, sannan ki faɗa masa in Mama ta sha wani maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a zuƙa domin yana hana kalca tsirowa. In ba'a yi waɗannan ba kuma ruwan ya sake taruwa, kar ki ji tsoron a sake zuƙa, maganar da ake yi cewa zuƙar ruwa tana busar da gwiwa ko tana sa ta saba ba haka bane, ciwon ne yake dawo da ruwan, kuma in anyi da tsafta haɗarin shigar ƙwayar cuta kaɗan ne ƙwarai. Kar kuma a yarda a yi mata allurar sitiroyid, wato ta kwantar da kumburi, a cikin gaɓar kafin a tabbatar babu ƙwayar cuta.

In kafin ranar komawa zazzaɓi ya zo, ko gwiwar tayi zafi da ja, ko Mama ta kasa taka ƙafar gaba ɗaya, balle in tana da ciwon suga ko tana shan maganin da yake rage garkuwa, a kaita asibiti a ranar ko da tsakar dare ne. In kin samo sauran lambobin ki turo min mu duba tare, ki gaida min Mama da jiki.